Rabin Sakan Da Ya Tona Asirin Jia Tan

Ranar Juma'a 29 ga Maris 2024, mu nan ana cikin azumi, Turawa kuma suna haramar hutun Ista, wani injiniya ɗan ƙasar Jamus mai suna Andres Freund ya fitar da sanarwar da ta hana masu tsaron kwamfutoci barci. Ya ce an dasa ƙofar ɓoye a cikin wata manhaja da kusan kowace kwamfuta mai Linux ke ɗauke da ita. Abin da ya sa shi a kan sawu kuwa bai wuce rabin sakan ba.

Freund ba mai farautar ɓarayin intanet ba ne. Ma'aikacin Microsoft ne, sana'arsa kuma gyaran PostgreSQL, wata manhajar ajiyar bayanai. Yana awon saurinta ne a kan nau'in Linux na Debian da ake kira Sid, inda sababbin manhajoji ke fara sauka kafin a tace su. Mai irin wannan awo so yake na'ura ta yi tsit, don ko wane motsi na gefe zai ɓata masa lissafi. Sai ya lura SSH tana cin ƙarfin na'urar fiye da kima. SSH ita ce ƙofar da ma'aikaci ke bi ya shiga babbar kwamfutar da ke nesa da shi. Hatta wanda ya ƙwanƙwasa da sunan bogi, wanda ya kamata a kora nan take, sai an ɓata lokaci a kansa. Ya auna: abin da ke ɗaukar sakan 0.299 ya koma 0.807. Ya kuma tuna cewa makonni kaɗan kafin nan, Valgrind, manhajar gano kurakurai, ta yi wani ƙorafin da bai gane kansa ba.

Da mu ne, da mun kashe na'ura mun sake kunnawa, shi ke nan. Shi kuwa ya ce sai ya ga inda rabin sakan ɗin ke zuwa.

Awo ya nuna masa liblzma, wani ɓangare na XZ Utils, manhajar da ke matse fayil ya ƙanƙance. A nan mamaki ya soma, domin masu rubuta manhajar SSH ɗin, wato OpenSSH, ba su taɓa haɗa ta da XZ ba. Amsar tana wajen masu harhaɗa Debian da Fedora. Sun yi wa SSH ɗan ƙari don ta riƙa sanar da systemd, mai kula da tashin manhajoji, cewa ta tashi. Ɓangaren systemd ɗin da aka jawo kuma yana jan liblzma. Ta haka ta tsinci kanta a cikin SSH ba tare da kowa ya gayyace ta ba.

Da farko Freund ya yi zaton wani ne ya kutsa wa masu Debian. Ashe daga tushe abin ya taso. To amma rubutun XZ a shimfiɗe yake a GitHub, kowa na iya karanta shi layi-layi, kuma babu wata ƙofa a cikinsa. Ga manhaja da cuta, ga rubutunta lafiya ƙalau. Ta ina cutar ta shiga?

Sai mun ɗan ratse kafin mu amsa. Abin da mai manhaja ke rubutawa, kwamfuta ba ta iya aiki da shi kai tsaye. Sai an juya shi zuwa harshen inji, an haɗa gutsuttsuransa, an ƙunshe. Babbar manhaja tana da ɗaruruwan fayiloli, wannan ya dogara da wancan, kuma yin haka da hannu wahala ce mai cike da mantuwa. Shi ya sa a 1976 Stuart Feldman na Bell Labs ya ƙirƙiro Make: ka rubuta mata wane fayil ke buƙatar wane, ita kuma ta bi jeri ta gina. A 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf, wadda ke fitar da wani dogon jerin umarni mai suna configure, aikinsa ya lalube kwamfutarka ya ga abin da take da shi kafin Make ta kama aiki. Wannan jeri yakan kai layi dubu goma-goma, inji ne ya rubuta shi, kuma ba na jin akwai mai zama ya karance shi don nishaɗi.

Abin ya yi kama da kai niƙa. Uwargida ta sheƙe dawarta, ta tsince tsakuwa, maƙwabciya ma ta duba ta ce tsab. Amma wa ke leƙa cikin inji kafin a zuba? Ana karɓar gari ne bisa amana.

Ga kuma wata al'ada da ta daɗe: idan za a fitar da sabon nau'i, mai kula da manhaja yakan gudanar da Autoconf a kwamfutarsa, ya ƙunshe rubutun tare da fayilolin ginin da ta fitar, ya sa hannu, ya raba. Wannan ƙunshi Debian da Fedora ke ɗauka su gina. Saboda haka kowa ya san ƙunshin ya fi abin da ke rumbun GitHub yawan fayiloli, ba wanda ya ɗauki bambancin a bakin komai.

Can Freund ya leƙa. A cikin ƙunshin XZ 5.6.0 da 5.6.1 akwai fayil mai suna build-to-host.m4 wanda babu shi a rumbu. Sunan ba baƙo ba ne, sananne ne a cikin kayan GNU, sai dai an taɓa wasu layukansa. Layukan da aka sauya ba su ƙunshi ƙofa ba. Abin da suke fara yi shi ne su nemo wani fayil a jakar gwaje-gwaje mai suna bad-3-corrupt_lzma2.xz.

Wannan ita ce dabarar da ta fi burge ni, duk da mugunta ce. Manhajar matse fayil dole ta ajiye lalatattun fayiloli da gangan, don a gwada ko za ta gane lalatacce. Ba wanda ke tsammanin karanta su, tun da tarkace ne. Shi wannan kuwa da lissafi aka lalata shi. Umarnin da aka ɓoye yakan musanya wasu alamomi huɗu a cikinsa, tazara da babbar tazara, ƙaramin layin tsakiya da na ƙasa, sai ga fayil ya warke. Aka warware shi, sai ga sabon jerin umarni. Shi kuma ya nufi fayil na biyu, good-large_compressed.lzma, yana tsallake bayit 1024 yana ɗibar 2048, yana maimaitawa, har ya tara abin da yake so, ya warware sirrinsa, ya fito da wani gutsure da aka riga aka juya zuwa harshen inji. Daga nan ya gyara umarnin Make, ita kuma ta liƙa gutsuren cikin liblzma kamar yadda take liƙa sauran, don ba a halicce ta da tambaya ba.

Kuma ba ko'ina umarnin yake motsi ba. Sai ya tabbatar Linux ce a kan na'ura irin x86-64, kuma ana gina ƙunshin Debian ne ko na RPM irin na Fedora. Ɗalibin da ya sauke don ya gwada a ɗakinsa, manhaja mai tsabta zai samu. Bincike ya kuma gano wani ɗigo guda da aka jefa a cikin fayil ɗin CMake, wata manhajar gini, wanda ya sa gwajin wata kariya mai suna Landlock yake faɗuwa kullum, ginin ya ɗauka na'urar ba ta da kariyar, ya wuce ba tare da ita ba.

Aikin ƙofar shi ne ta tare wurin da SSH ke tantance mabuɗin mai shigowa. Idan saƙo ya zo da sa hannun wani mabuɗi guda irin Ed448, sai ta aiwatar da duk umarnin da ke ciki da cikakken iko. Kowa kuma ban da mai wannan mabuɗi, ba zai ga alamar komai ba. Rabin sakan ɗin nan lokacin da take ɓatawa ne tana lalube inda za ta maƙale.

Saura wanda ya yi. XZ aikin Lasse Collin ne, mutumin ƙasar Finlan, wanda ya yi fiye da shekara goma yana ɗawainiya da ita ba albashi. A ƙarshen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo ƙananan gyare-gyare masu amfani. A 2022 sai wasu sunaye, Jigar Kumar da Dennis Ens, suka taso Collin a gaba da gori: aiki ya tsaya, ya miƙa wa wanda zai iya. A watan Yuni na shekarar ya amsa cewa yana fama da rashin lafiya, kuma aikin nan na sa kai ne, amma Jia Tan na taimaka masa. Zuwa 2023 Jia Tan ya zama mai fitar da ƙunshi da sa hannunsa. A shekarar ne wani Hans Jansen ya kawo gyaran ƙara sauri wanda daga baya ƙofar ta rataya a jikinsa. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka fitar da 5.6.0. Da Valgrind ta fara ƙorafi, Jia Tan ya fito da 5.6.1 ranar 9 ga Maris da sunan gyara, alhali ƙofarsa yake daidaitawa. Sai ga Hans Jansen ya sake ɓullowa yana roƙon Debian ta hanzarta ɗaukar sabon nau'in. Waɗannan sunaye kusan ba su da sawu ko'ina sai a kan wannan magana, kuma tun da asiri ya tonu ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Har yau ba a kama kowa ba.

An yi sa'a. Cutar ta tsaya a nau'o'in gwaji da masu saurin sabuntawa, irin su Debian Sid, Fedora Rawhide, Kali da openSUSE Tumbleweed. An yi mata rajista da lamba CVE-2024-3094, aka ba ta maki 10 cikin 10 na haɗari. Ubuntu ta ɗage fitar da nau'in gwajin 24.04 da mako guda, ta sake gina ƙunshe-ƙunshenta. Da an ƙara 'yan watanni, da ta shiga manyan kwamfutocin da intanet ke tsaye a kansu, waɗanda galibinsu Linux ne. Mai POS a kasuwar Shinkafi ko Kurya Madaro bai san XZ ba, amma duk kuɗin da ya tura ta irin waɗannan na'urori suke bi.

Ba yau aka fara gargaɗi ba. Masanin kwamfuta Ken Thompson ya nuna tun 1984 cewa ana iya ɓoye ƙofa a cikin kayan gini, rubutu ya zauna da tsabtarsa, kuma a 2020 an yi wa kamfanin SolarWinds haka, kwastomomi kusan 18,000 suka sauke gurɓatacciyar manhaja. A ganina, in ɓera da sata, daddawa ma da wari: kamfanonin da ke cin biliyoyi a kan wannan manhaja sun bar ta a wuyan mutum ɗaya mara lafiya, ba wanda ya tambayi halin da yake ciki sai masu son karɓe ta. Collin ɗin ne dai ya sake zama ya share ɓarnar, ya fitar da 5.6.2 a watan Mayu 2024.

Ga malaman kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da sauran makarantunmu, ina roƙo kada darasi ya tsaya a kan rubuta manhaja da danna maɓallin gini. A sa ɗalibi ya buɗe umarnin Make ya karanta, ya sauke ƙunshi ya gwada shi da abin da ke rumbu, ya kawo bayanin kowane fayil da ya samu a ɗaya bai samu a ɗayan ba.