Yaron da Bai Balaga ba a Gaban Alƙali: Ladabtarwa da Sulhu a Yammacin Zamfara

Tun daga ranar 27 ga Janairu, 2000, da dokokin Shari'a na laifuffuka suka fara aiki a Jihar Zamfara, alƙalan Anka da Gummi da Bukkuyum suke fuskantar wata mas'ala da malaman fiƙihu suka daɗe da warwarewa a littafi: yaya za a yi da yaron da ya yi sata ko ya zubar da jini alhali bai kai munzalin taklifi ba?

Asalin hukuncin shi ne hadisin da ya nuna an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga. A mazhabar Malikiyya ana gane balaga da alamominta, idan kuma ba su bayyana ba sai a cika shekara 18. Saboda haka ba a tsayar da haddi ko ƙisasi a kan yaro. Sai dai wannan bai zubar da haƙƙin wanda aka cuta ba. Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa gangancin yaro hukuncin kuskure gare shi: idan raunin ya kai sulusin diyya, danginsa na wajen uba ne za su biya, idan bai kai ba a biya daga dukiyarsa. Abin da ya rage a hannun alƙali shi ne ladabtarwa, manufarta kuwa gyara hali.

A wannan yanki mas'alar tana da nauyi na musamman. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma ta kashe yara kimanin 400, kuma likitoci sun tabbatar tana raunana ƙwaƙwalwar waɗanda suka tsira. 'Ya'yan wancan zamani su ne samarin yau. Ga ramukan zinari suna janye yara daga makaranta, ga 'yan bindigar daji suna neman masu kai musu labari da abinci. A ganin mai wannan rubutu, alƙalin da bai tambayi tarihin yaro irin wannan ba bai gama bincike ba.

Gidajen gyaran hali na tarayya da aka daɗe da sani suna Kaduna da Ilori da Abekuta, duk nesa da Bukkuyum; kulle yaro tare da manyan fursunoni kuwa tura shi makarantar laifi ne. Shi ya sa sulhun mai unguwa da dagaci da liman yake da muhimmanci: a mayar da abin da aka ɗauka, a damƙa yaron ga waliyyi ko mai sana'a da zai lamunce shi, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kuma ta taimaka inda iyaye suka gaza biya. Raunin wannan hanya shi ne galibi ba a rubuta yarjejeniyar, ba a kuma sa wanda zai bibiyi yaron bayan an tashi daga zauren dagaci.