Jirgin ƙasa na tafe: a tsare tabki da burtali

A Sarkin Yamma ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgi mai kilomita 284. Za ta taso daga Kano, ta bi Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ta tsaya Maraɗi.

In jirgi ya fara gudu, baƙo zai sauka Maraɗi da safe. Ya shiga mota zuwa Madarunfa, kamar kilomita 20. Daga nan sai tafiyar ƙafa. Ya bi bakin tabki, ya ga masunta da manyan kukoki, ya ziyarci kushewun waliyyai 99. Kafin magariba ya koma.

Baƙon nan zai sayi fura da nono da kifi. Amma ba wanda zai biya kuɗin jirgi don kallon kututture. Manoma, kada a sare itatuwan bakin tabki. Makiyaya kuwa, ku nemi hukuma ta bar wa dabbobi mahaya duk inda hanyar jirgi ta gicce burtali. Jirgi ba ya kauce wa saniya.