Otal: Inda Marubuta Ke Gwada Halin Mutum

Ko kun lura da yadda marubuta labarai ke son kai mutanensu otal? Dalilin ba boyayye ba ne. A gida kowa ya san kowa, kunya tana rike mutum. A otal kuwa ba uwa, ba makwabci, sai lambar daki da makulli. Nan ne ainihin hali ke fitowa.

Dabarar ta dade. Wajen karshen karni na 14, Geoffrey Chaucer na Ingila ya tara matafiya 29 a masaukin Tabard, mai masaukin ya sa su ba da labarai a kan hanyarsu ta Canterbury.

A 1929 Vicki Baum ta buga littafinta a kan wani babban otal na Balin, a Jamus, wanda aka mayar fim mai suna Grand Hotel a 1932. A ciki akwai Preysing, shugaban kamfani da ake gani mutumin kirki. Da ya sauka otal sai ya shara karya a ciniki, ya bi karamar yarinya alhali yana da iyali, daga bisani ya yi kisan kai. Ga kuma akawunsa Kringelein, wanda ciwon ajali ya kama, ya kwaso 'yan kudinsa don ya dandana dadin duniya kafin ya cika. Rufi daya, amma kowa da kiwon da ya karbe shi.

Ba bako kadai ake gwadawa ba, har da mai masauki. A littafin Hotel na Arthur Hailey, na 1965, otal din St. Gregory a New Orleans ya hana wani likitan hakori daki saboda shi bakar fata ne. Mu kuma mun san misalin Basamariye a Luka sura 10: an bar wa mai masauki majinyaci da dinari biyu, da alkawarin biyan sauran. Amana ce aka danka masa, irin wadda fatake ke ba fatoma a zango.

To, yawancinmu muna tafiye-tafiye, ko kwas, ko taro, ko fatauci. Bako raba ne, gobe ba ya nan, amma abin da ya aikata yana nan. Tambayar da wadannan littattafai suka bar mana ita ce: in an rufe kofar daki a garin da ba a san mu ba, su wane ne mu?