Ɗaki a bayan mota: yadda ake ƙera ƙaramar tirelar kwana mai rufin yadi

A ƙasashen Turai, da zarar an shiga watannin Yuli da Agusta, lokacin babban hutu, hanyoyi kan cika da ƙananan motoci masu jan wani akwati mai ƙafa biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauka amalanken kaya ne. Amma idan matafiyan suka isa masauki, sai su buɗe akwatin, su ta da ƙarafa, su ja yadi a kai, nan da nan ɗaki ya tsaya da gadonsa da tagoginsa. Faransawa na kiran abin caravane pliante, wato tirelar kwana mai naɗewa. Kamfanoni na ƙera ta, kuma akwai mutane da dama da ke haɗa tasu da hannunsu a gida. Aikin ya haɗa sana'o'i uku da ba mu rasa ba a garuruwanmu: walda, aikin katako da ɗinki.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1936 gwamnatin Léon Blum ta kafa dokar da ta bai wa ma'aikatan Faransa hutun mako biyu a shekara tare da albashi. Leburan masana'anta ya samu lokacin zuwa bakin teku, sai dai aljihunsa bai kai na otal ba, don haka ya koma ga tanti. Iyalan Trigano, masu sana'ar yadi a Faris, suna cikin waɗanda suka yi suna da sayar da tantuna, kuma har yau kamfanin da ke ɗauke da sunansu na ƙera irin wannan tirela. Da motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka ɗora tantin bisa ƙafafu.

A Amurka kuwa, tun shekarun 1930 mujallun masu aikin hannu ke buga zanen ƙaramar tirela da mutum zai iya haɗawa da kansa, kuma a 1968 aka kafa kamfanin Jayco a jihar Indiyana, wanda ya shahara da tirela mai buɗewa. Mutanen Afirka ta Kudu da na Ostareliya sun ƙara wa abin ƙwari domin hanyoyin daji, marasa kwalta, masu kama da namu.

Me ya sa rufin yadi?

Dalili na farko shi ne nauyi. Yadin tanti mai kauri yana kai kimanin giram 300 a kowace murabba'in mita. Ke nan rufi mai murabba'in mita 10 bai wuce kilo 3 ba, alhali katako ko kwano na wannan faɗin zai ninka haka sau da yawa. Duk nauyin da aka ɗora a sama kuwa, shi ke sa tirela ta kife a kwana.

Na biyu, idan an naɗe rufin, tirelar ba ta kai tsayin motar da ke jan ta ba. Iska ba ta tokare ta, mota ba ta shan mai da yawa, direba kuma yana hango bayansa ta madubi.

Na uku shi ne amfanin cire rufin gaba ɗaya. Ana iya wanke shi, a shanya shi, a kai wa tela ya gyara, ba sai an ja tirelar duka ba. Ranar da ba a bukatar ɗaki, akwatin ya koma abin ɗaukar buhunan hatsi ko kayan kasuwa.

Shasi da ƙafafu

Aikin yana farawa daga ƙasa. Mai walda zai haɗa shasi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya miƙo ƙarafa biyu gaba su haɗu a baki ɗaya, inda ake maƙalawa ga mota. Masu haɗa tirela a gida sukan bi girman fallen katakon filawud, wato mita 1,22 a faɗi da mita 2,44 a tsawo, don kada su yi asarar katako wajen yanka. Wannan faɗin ya ishi katifar mutum biyu, ko da a matse.

Babban abin lura shi ne inda za a sa ƙarfen da ke riƙe ƙafafu. Ba a tsakiyar akwatin ake sa shi ba, ana ɗan ja shi baya, yadda wani kaso na nauyin zai danna bakin tirelar bisa mota. A Turai akan so nauyin bakin ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta. Misali, tirela mai kilo 400, bakinta ya danna da kilo 20 zuwa 40. Ana iya auna wannan da sikelin kasuwa. Idan nauyi ya koma baya, bakin ya yi sakayau, to da mota ta ɗauki gudu tirelar za ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, har ta fizge motar daga hanya. Wannan kuskure yana cikin manyan abubuwan da ke jawo haɗari ga masu jan tirela. Saboda haka jarkar ruwa, batir da tukunyar gas, a ajiye su ƙasa, kusa da ƙafafu ko gaba da su kaɗan.

Maƙalar da aka saba da ita a Turai dunƙulen ƙarfe ne mai kaurin milimita 50, wanda bakin tirela ke hawa ya kulle. Ana ƙara sarƙa ko waya mai ƙarfi ko da maƙalar ta kuɓuce. Masu tafiyar daji sukan sa wa tirela tayoyi irin na motar da ke jan ta, don safaya ɗaya ta yi wa duka biyun aiki.

Ƙarafan rufi da yadin

Rufin yana hawa bisa ƙarafa uku ko huɗu da aka lanƙwasa kamar baka, na bututu mara nauyi mai kaurin milimita 20 zuwa 25. Suna juyawa bisa noti, su kwanta cikin akwati lokacin tafiya, su miƙe lokacin kwana. Dole rufin ya yi gangare, domin duk inda yadi ya yi kwari, nan ruwan sama zai taru, nauyinsa ya tanƙwara ƙarfe ko ya yaga ɗinki.

Yadin kuwa iri-iri ne. Na auduga yana barin iska ta ratsa, ɗaki ba ya yin gumi, kuma idan ya jiƙe zarensa na kumbura ya toshe ƙofofin saƙa da hudojin allura. Shi ya sa ake jiƙa sabon tanti a shanya shi sau biyu ko uku kafin a yi tafiya da shi. Aibinsa ɗaya: idan aka naɗe shi da danshi, fumfuna za ta ci shi. Tamfol na roba, irin wanda ake rufa wa manyan motoci, ruwa ba ya ratsa shi ko kaɗan, amma ya ninka na auduga nauyi, kuma da rana cikinsa kamar tanda yake. Don haka maƙera da yawa kan yi jikin ɗakin da yadin auduga da aka gauraya da zaren roba, su bar tamfol ya zama murfin akwati lokacin tafiya.

Tela ba ya yanka yadi sai an gama ƙarafan an tsayar da su, sannan ya auna a jikinsu. Yana ninka yadin a kusurwoyi da duk inda zai goga ƙarfe, ya yi ɗinkin da zare mai jure rana, domin sau da yawa zare ke rigan yadi mutuwa. Tagogi kuma ana sa musu raga saboda sauro.

Hanyoyin maƙala rufin yadda za a iya cire shi uku ne. Akwai igiya da ake ɗinkewa a gefen yadi, a zura ta cikin kwararon alminiyam da aka kafe a jikin akwati. Wannan ya fi hana ruwa da ƙura shiga. Akwai babban zif mai manyan haƙora, mai saurin aiki, sai dai rairayi na lalata shi. Akwai kuma hudoji masu zoben ƙarfe da igiyar roba da ake ratayawa a ƙugiyoyi, wanda ya fi arha da sauƙin gyara a ko'ina.

Doka da tsaro

A Faransa, tirelar da nauyinta da kaya ya wuce kilo 500 sai ta yi takardu da lambarta na kanta, wadda ta wuce kilo 750 kuma dole ta kasance da birki. Wannan ne ya sa masu haɗawa a gida ke ƙoƙarin tsayawa ƙasa da kilo 500. Ko wace iri ce, sai an sa mata fitilun baya, na birki da na kwana. Wanda zai ƙera a nan gida, ya fara zuwa ofishin sufuri ya ji ƙa'idojin ƙasarmu kafin ya sayi ƙarfe.

Akwai haɗarin da ba a gani da ido. Garwashin gawayi a cikin rufaffen tanti yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci bai farka ba. Murhun shayi da na girki, wurinsu waje ne, ko da a tsakiyar hunturu.

Mu kuma fa?

Ɗaki mai rufin da ake cirewa ba baƙon abu ba ne a Nijar. Matan Abzinawa sun daɗe suna kafa tantin fata ko na tabarmi bisa itace, su kwance shi su ɗora wa dabba idan za a tashi, kamar yadda ake gani a taron Ingal na watan Satumba. Masu waldar Maradi, Damagaram da Tawa kuwa sun ƙware wajen haɗa amalanken jaki da na shanu da tsofaffin ƙafafun mota, ga teloli masu ɗinka tamfol na manyan motoci.

Sai dai amalanke tafiyar jaki yake yi. Abin da zai bi mota da gudu daga Konni zuwa Maradi yana bukatar sifirin, boris mai kyau da giris, da walda wadda girgiza ba za ta tsinka ba. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, na bukatar rufi biyu da tazara tsakaninsu don iska ta wuce, guguwar farkon damina kuma na bukatar igiyoyi da turaku masu ƙarfi. Masu bin kasuwannin ƙauye, ma'aikatan rigakafin dabbobi da masu haƙar rijiyoyi da ke kwana a daji duk suna iya amfana da irin wannan ɗaki, muddin maƙerin ya auna nauyin bakin tirelar kafin ya miƙa ta ga mai ita.