Siginar da ta Kusa Ruɗa Amurka a 1962

Ranar 20 ga Fabrairun 1962, bayan an yi ta ɗage tafiyar saboda rashin kyawun yanayi da tangarɗar na'urori, rokar Atlas ta tashi daga Cape Canaveral a jihar Florida ɗauke da John Glenn, matuƙin jirgin yaƙi ɗan shekara 40. Amurka na cikin matsi a lokacin, domin tun watan Afrilun 1961 Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyat ya zagaya duniya, ita kuwa ba ta kai ga haka ba.

Don kada kumbon, mai suna Friendship 7, ya ɓace wa masu kula da shi, hukumar NASA ta kafa tashoshin bibiya a sassan duniya. Ɗaya daga cikinsu a Kano take. Kimanin minti ashirin da tashi, Glenn ya ratsa sararin Kano, ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka ce masa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Lokacin hunturu ne.

Lami lafiya aka tafi har ƙarshen zagaye na farko, inda na'urar da ke daidaita kumbon da kanta ta fara gardama, dole Glenn ya karɓi tuƙi da hannu. Amma babban tashin hankalin yana ƙasa. Wata sigina ta iso cibiyar kula da tafiyar tana nuna cewa garkuwar zafi ta kwance daga mazauninta. Garkuwar nan ita ce ke tare wutar da ke tasowa idan kumbo ya kutso cikin iskar duniya da gudun fiye da kilomita 27,000 a awa. Idan ta faɗi, da kumbon da mutumin toka za su zama.

Sai gardama ta kaure. A bayan garkuwar akwai ƙunshin ƙananan rokoki na rage gudu, ɗaure da maɗauri uku, wanda bisa ƙa'ida ake yar da shi kafin saukowa. Wasu injiniyoyi suka ce a bar shi, ko maɗauran za su riƙe garkuwar. Daraktan tafiyar, Chris Kraft, yana ganin siginar ce ta yi ƙarya, barin ƙunshin kuma wani haɗari ne na daban. Shugabansa Walter Williams ya yanke hukunci a bar shi.

Duk wannan ana yi ba a gaya wa Glenn ba. Tasha bayan tasha sai tambayarsa ake game da wani makunni, ko kuma ko yana jin wani abu na bugawa. Tun daga nan ya sha jinin jikinsa. Sai da saukowa ta ƙarato, bayan zagaye na uku, abokin aikinsa Alan Shepard ya faɗa masa dalili daga cibiyar kula da tafiyar.

Kumbon ya afka cikin iska, rediyo ya ɗauke na 'yan mintuna. Ta taga Glenn yana kallon gutsattsari masu ci da wuta suna wucewa, bai san ko ƙunshin ne ke ƙonewa ko garkuwar ce ke wargajewa ba. Ashe ƙunshin ne. Laima ta buɗe, ya sauka a Tekun Atlantika bayan awa 4 da minti 55, jirgin ruwan yaƙi USS Noa ya tsamo shi.

Bincike ya nuna garkuwar tana nan daram tun farko, wani ɗan makunni ne ya lalace. Glenn bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Matsayinsa shi ne, duk abin da masu kula da tafiya a ƙasa suka sani game da kumbo a gaya wa matuƙi nan take, tunda ransa ne a ciki kuma hannunsa ne a kan tuƙi. A 1998, yana da shekara 77, ya sake komawa sararin samaniya a kumbon Discovery.