Ko Kun Sani? Tsohon Batir Na Iya Kashe Sabo

A Rafin Guza, kamar sauran unguwannin Kaduna, masu shagon cajin waya da magidanta kan ƙara batir na biyu a inbata ko sola don wuta ta kai su asuba. To amma haɗin ne abin lura. Batir biyu masu bolt 12, in aka haɗa kawunansu ja da ja, baƙi da baƙi, suna nan a 12, sai cajin da suke riƙewa ya ninka: 200Ah biyu su ba da 400Ah. In kuwa jan wannan ya tafi baƙin wancan, sun koma bolt 24, inbata mai 12 na iya ƙonewa.

Babbar asara ita ce haɗa sabo da tsoho, domin tsohon zai riƙa zuƙe sabon har su gaji tare. Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, ba ya son a sha fiye da rabin cajinsa. Don kauce wa waccan asarar, ku sayi batiran biyu lokaci guda, iri ɗaya, girma ɗaya.