Sauro da Ƙuda: Ɗaya da Dare, Ɗaya da Rana

Jama'a, wasunmu suna cewa ƙasarmu hamada ce, don haka sauro bai dame mu ba. To, a lura. Daga Imouraren zuwa Arlit da Akokan, duk inda mutane suka zauna akwai ruwan da aka ajiye, akwai kuma juji. Nan ne waɗannan ƙwari biyu suke hayayyafa.

Sauro a ruwa yake ƙwai. Kududdufin da ruwan watan Agusta ya bari, ruwan da ya kwanta a lambu, randa marar marfi, tsohuwar taya, duka sun ishe shi. Cikin kwana 10 zuwa 14 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Macen ce kaɗai take cizo, domin sai da jini ƙwanta yake nuna. Namiji ruwan furanni yake sha. Sauron da ke kawo zazzaɓi yana cizo ne daga magariba zuwa asuba. A shekarar 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, a ƙasar Indiya.

Ƙuda kuwa a ƙazanta yake ƙwai: kashin dabbobi, bayan gida da ruɓaɓɓen abinci. A lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi girma. Ƙudan gida ba ya cizo. Yakan tofa yawu a kan abinci ya narkar da shi, sannan ya tsotse. Ƙafafunsa kuma suna ɗauko ƙwayoyin cuta daga juji zuwa kwanon tuwo ko ƙwaryar nono. Ta haka yara suke kamuwa da gudawa da atuni. Ƙudan da ke sauka a idon yaro yana yaɗa amodari, ciwon da kan makantar.

Tun da halinsu ya bambanta, maganinsu ma ya bambanta.

Don sauro: mu rufe randa, mu zubar da kwantaccen ruwa kowane mako, mu kwana cikin gidan sauro mai magani.

Don ƙuda: mu rufe abinci da bakin masai, mu kai takin dabbobi nesa da ɗaki, mu wanke hannu da sabulu, mu wanke fuskar yara kullum.

Idan jikin yaro ya yi zafi, ko gudawa ta kama shi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.